Ƙofofi Arba'in da Ɗaya

Kawuna ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama kallon ƙofarsa. In ka gayyace shi gidanka, zai tsaya a waje kamar mai jiran a amsa sallama, alhali an amsa tun ɗazu. Zai shafa ƙyauren da tafin hannu, ya ɗan ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya leƙa hinjin da yake juyawa a kai, sannan ya shigo a gaisa. Kuma ba zai ce komai ba. Inna, matarsa, takan ce ranar da ya fara zuwa wurinta ma sai da ya gama gaisawa da ƙofar gidansu kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Shekara talatin da ɗoriya yana walda a layinmu, ƙofofi da ƙarafan taga, har sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba Mai Ƙofa suke ce masa.

Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce. Don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ce. A gabana aka yi, da hannuna kuma aka yi, shi ya sa na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Akwai injin walda da ya girme ni, da janareto mai tari, da tarin rodi a jingine, da wani benci dogo da ya haɗa da guntayen ƙarfe. Bencin nan ba ya rabuwa da mutane. Mai jiran mota, mai jiran matarsa ta fito daga wurin tela, mai gudun rana, wanda ka sani da wanda ba ka taɓa gani ba, kowa ya zo ya zauna. Kawu ba ya korar kowa. Abin da kawai yake cewa shi ne, “Juya baya, hasken nan ba abokin ido ba ne.” Ya san abin da yake faɗa, domin idonsa na hagu tun yana saurayi hasken walda ya dushe shi.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi koyon sana'ar wurin wani tsoho mai zafin hannu. Labari ɗaya yake yawan ba ni game da maigidan nasa. Wata rana sun je sa wa wani attajiri taga, da suka fito sai Kawu, don a san shi ma ya fara gane aiki, ya ce a gaban mutane ai kwaɗon ƙofar bayan gidan nan ko jariri ya ja zai buɗe. Tsohon bai tanka ba sai da suka koma shago, sannan ya zabga masa marin da ya ce har yau in hadari ya haɗo yana jin sa a kunne. Ya ce masa, “Likita yana ganin tsiraicin mutum, mai walda yana ganin tsiraicin gida. Abin da ka gani a ƙofar mutane ka haɗiye shi.”

Ya kuwa haɗiye. Shekara talatin yana yawo da lagon kowane gida na unguwar a cikinsa, bai taɓa furta wa ko Inna ba. In ya ga abin da ya tayar masa da hankali, sai ya jira ya sami mai gidan shi kaɗai, ya raɗa masa sau ɗaya. In an ji, to. In ba a ji ba, ba ya maimaitawa. Ba shi da gidan haya, ba shi da mota, amma matafiyi yakan bar masa mabuɗin gidansa ya yi wata uku hankali kwance. Wannan amanar ita ce duk abin da ya tara a duniya, kuma ita na ɗauka na yi wasa da ita.

Abin ya faro ne shekarar da na gama karatun kasuwanci na dawo gida da takardar shaida da surutu, ba aiki. A shekarar ce aka buɗe wani katafaren shago a babban titi, ana sayar da ƙofofin da aka shigo da su a kwali, masu sheƙi da zanen fure. Kawu ya je ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ya dawo yana cewa langa-langa ce aka shafa wa hoda. Gaskiya ya faɗa, amma mutane suka yi ta saye. Sai ya zamana a wuni ba a kunna janareto ba. Ya zauna yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba, Inna kuma ta fara auna abinci da ido biyu. Ni abin yana ci mini rai, ga ilmi a kaina yana tafasa.

Na ce masa, “Kawu, matsalarka ɗaya ce, ba ka da tsarin talla. Kana zaune kana jiran kwastoma kamar mai jiran ruwan sama.”

Ya ce, “To, Manaja, ai sai ki kawo ruwan.” Daga ranar sunan ya bi ni.

Na ɗauko littafi na zayyana masa yadda aka koya mana. Su wane ne masu sayen kayanka? Me suke buƙata? Wa ke gogayya da kai? Ta wace hanya za ka isa gare su, kuma a wane lokaci? Yana ta gyaɗa kai har na zo kan tambayar da malaminmu ya ce ita ce zuciyar tsarin: ka san matsalar kwastoma fiye da yadda ya san ta. Na ce ya lissafa mini gidajen da ƙofofinsu ke da rauni, da irin raunin kowanne.

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Ya ce, “Wannan ba abin rubutawa ba ne.”

“Kawu, duniya ta wuce nan. Ilmin da ba a rubuta ba ai tare da mai shi ake binne shi. Kuma taimakonsu za mu yi.”

Kwana huɗu ina bin sa da naci, ni da naci kuwa sai dai a ba ni hanya. Amma in zan faɗi gaskiya, ba nacin ne ya karya shi ba. Shekara talatin ba wanda ya taɓa zama da biro a hannu ya tambaye shi abin da ya sani. Ran na biyar da la'asar muka zaga unguwa, yana gaba ina baya, bakinsa ya buɗe kamar an ɓalle famfo. Gidan Hedimasta, an liƙa hinjin daga waje, guduma biyu ta ishe shi. Gidan mai kemis, ƙofar gaba lafiya lau, amma ƙarfen tagar kicin tsatsa ta cinye gindinsa, fenti ne kawai ke riƙe da shi. Gidan direban tanka, sakata ta fi ramin da take shiga tsawo, rabin inci kawai take kamawa. Fuskarsa har haske take yi yana faɗa. Na ji daɗi a ranar, ina jin na ba tsoho girmansa.

Gida arba'in da ɗaya muka samu. Na jera su yadda aka koya mini, wanda ya fi buƙata a sama. Sai na ƙara wani layi da nake ganin ya nuna ƙwarewata, wato lokacin da ya dace a je tallar. Wannan Inna ce ta cika mini shi tana tankaɗe, domin ba wanda zai fita ko ya shiga a unguwar ba ta sani ba. Wane sai bayan magariba ake samunsa. Su wance duk ma'aikata ne, daga takwas zuwa huɗu gidan ba kowa. Ni kuma don kada mu ɓata tafiya, na rubuta a gaban kowane gida ranaku da awoyin da ba a samun kowa.

Na kai aka buga mini shi fes, shafi bakwai, har da taswirar layuka da na zana na ɗiga jan biro a kan kowane gida. Malaminmu ya ce tsarin da aka kulle a akwati matacce ne, a rataye shi inda ido zai riƙa ganinsa kullum. Na huda shi, na sa zare, na rataye a ƙusa a cikin rumfa, daidai saman bencin. Kawu ba ya karanta boko sai lambobin awo. Ya dubi taswirar ya ce ta yi kyau.

Sannan na buga 'yan takardun talla guda arba'in da ɗaya, na bi gida-gida na tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ga abin da na rubuta a kai: “Ka tabbata ƙofarka za ta tsare ka? Zo wurin Mai Ƙofa tun kafin a riga ka.”

Mako biyu ba wanda ya zo. A cikin mako na uku na lura tsarin ba ya kan ƙusarsa, zaren kawai ke lilo. Na tambayi Kawu, ya ce wataƙila iska ce, ko wani ya yage ya naɗe wani abu. Na ɗan ji haushi, na sake bugo wani na ajiye a jakata, na manta.

Ranar wata Laraba da hantsi aka shiga gidan Hedimasta, shi da matarsa suna makaranta. An kwashe talabijin da keken ɗinki da akwatin matar. Washegari ya zo shago da takardar tallata a hannu, ya ce, “Mai Ƙofa, da na ji maganarka. Zo ka yi mini ta gaske.” Kawu ya je aunawa, ya dawo. Da na tambaye shi yadda aka shiga, ya ce, “Guduma biyu.”

Bayan kwana shida aka shiga gidan mai kemis ta tagar kicin. Shi ma ya zo. Maƙwabtansa biyu da ba a taɓa su ba suka biyo shi, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi da naka. Janareto ya dawo da tarinsa tun safe har yamma, tartsatsi na tashi, Inna ta koma zuba abinci ba awo. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina tafiya ina jin kaina a sama. Har na ce wa Kawu, “Ka gani ko? Tsari ya fara aiki.” Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni da idon nan mai kyau, ya daɗe, sannan ya sauke ya ci gaba.

Na uku gidan direban tanka ne, ranar da matarsa ke zuwa awon ciki. Na huɗu gidan wasu ma'aikatan banki. Duk da rana tsaka, duk ba kowa a gida, kuma ba a taɓa wahalar da ƙofa ba, inda ta fi rauni nan ake taɓawa. Ran da aka shiga na biyar ina zaune a ɗakina, sai wani abu ya ce mini in buɗe jaka. Na ɗauko tsarin na bi da yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ko tsallake ɗaya ba su yi ba. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya da ta fi tsoron.

Na same shi a rumfa yana yanka rodi. Na miƙa masa takardar. Ya ce, “Karanta mini na shida.” Na karanta. “Na bakwai.” Na karanta. Ya kashe injin.

“Tun gidan mai kemis jikina ya ba ni,” in ji shi. “Tagar nan ni kaɗai na san ta. Ni da ke.”

“Kawu, ni ce na…”

“Ke kika mare ni na faɗa? Ni aka mara don kada in faɗa.”

A lokacin unguwa ta riga ta fara lissafinta. Ba wanda ya ce komai a fili, amma bencin nan da ba ya rabuwa da mutane ya wayi gari ba kowa. Masu wucewa suka koma bin ɗaya gefen titin. Inna ta je siyan gawayi, mata suka yi tsit har ta bar wurin. Wata safiya muka tarar an tattaro takardun tallata guda biyar, an jera su a kan bencin, an danne kowace da dutse. Lissafin ba wuya: takarda ta zo, ɓarawo ya zo, Mai Ƙofa ya sayar da ƙofa. Ko ni ce a waje, abin da zan zata ke nan.

Da yamma shugaban 'yan sintiri ya zo, mutumin da Kawu ya yi wa ƙofar shago kyauta shekarun baya. Bai zauna ba. Ya ce, “Baba, ni ban yarda da abin da ake faɗa ba. Amma yaran nan da nake riƙewa, ban san iya kwanakin da zan iya riƙe su ba. In aka sake shiga wani gida, kada a same ka kusa.”

Inna ta ce mu ƙona takardar, mu yi shiru, mu tafi wurin 'yar'uwarta har ƙura ta lafa. Ni ma ra'ayina ke nan, ba zan yi ƙarya ba. Kawu ya ce, “Tamu za mu ƙona. Ta hannunsu fa? Saura gida talatin da shida.”

Washegari ya je ofishin 'yan sanda ya faɗi abin da ya sani, suka rubuta, suka ce za su sa ido. Daga can ya dawo ya ɗora injin walda da janareto a baro, ya ce in riƙo takardar in biyo shi. Muka fara daga na shida. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi, ba ya ragewa, ba ya ƙawatawa: “Na san inda ƙofarka take da rauni. Na faɗa, an rubuta, takardar ta faɗa hannun ɓarayi, har da lokacin da ba kowa a gidanka. Laifina ne. Ka bar ni in gyara, ba na son ko sisi.” Ko sau ɗaya bai ce ni na rubuta ba. In na buɗe baki sai ya ce, “Manaja, riƙe mini waya.”

Wani ya zage shi tas, sannan ya buɗe masa. Wata mata ta tofar da yawu ta rufe ƙofarta, ƙofar da na san sakatarta ba ta kamawa. Wani dattijo ya tsaya a kansa da sanda har ya gama. Na ga mutanen da suka ba shi ajiyar mabuɗi suna aiko 'ya'yansu su karɓa. Yana miƙawa yana cewa a gaida gida.

Gida na tara na Sista ne. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, tana zaune ita kaɗai da kyanwa da rediyo. Rabin unguwar ita ta yi musu allurar farko, ni ma a ciki. Ita ce ta wanke wa Kawu ido ranar da hasken walda ya ƙone shi, don haka tsakaninsu akwai wasa. A gaban sunan gidanta na rubuta: Talata, tara zuwa ɗaya, tana asibiti karɓar magani.

Ranar Litinin muka isa wurinta. Ta saurare shi har ƙarshe tana kaɗa kai, sannan ta ce, “Kai dai Mai Ƙofa, da tsufanka ka koyi surutu?” Ta dube ni ta saman tabarau, na san ta gane komai.

Tata ba ta gyaruwa da ɗigon walda. Ƙofar katako ce, gara ta cinye firam ɗin, in ka tura da kafaɗa gaba ɗaya za ta shige. Sai an yi sabuwa. Kawu ya auna, ya ce zai kawo ta gobe da azahar in Allah ya so. Ya ce, “Sista, gobe Talata. Ki kwashe abin da kike ji da shi ki kai maƙwabta, ki tafi asibitinki. In sun zo su tarar da kujeru.”

Ta ce, “In bar musu gidana don an rubuta ba na nan? To gobe ina nan. Ɓarawon rana matsoraci ne, in ya ji motsi zai wuce.”

“Sista, don Allah.”

“Na yi shekara talatin ina hana mutuwa shiga ɗaki, sai wasu 'yan iska? Je ka yi mini ƙofa, kuma ban son mai fure.”

Ya roƙi shugaban 'yan sintiri ya sa wani ya zauna a layin, aka ce za a turo. Tun asuba ya tayar da janareto. Ban taɓa ganin yana aiki da sauri irin na ranar ba, shi da yake cewa gaggawa ba ta haɗa ƙarfe. Wajen sha ɗaya janareton ya shaƙe ya mutu, ya ɓata kusan awa guda yana lallashinsa. Fentin bai bushe ba muka ɗora ƙofar a baro, yana turawa ina riƙe da gefe, hannuna duk ya yi baƙi.

Tun daga kwanar layin muka hango taron. Wanda aka ce zai zauna ya ɗan zaga cin abinci. Ɓarayin sun zo wajen sha biyu, su biyu, da tabbacin ba kowa tunda takarda ta faɗa. Sista tana ɗakin ciki ta kashe rediyo don ta ji motsi, su kuma shirun ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Ta fito ta tare su a tsakar ɗaki. Suka bangaje ta suka gudu, ta faɗi kanta ya bugi gefen tebur.

Ka duba yadda muka iso: an fasa gida, ga Mai Ƙofa nan da sabuwar ƙofa a baro, daidai awon gidan, fenti ko bushewa bai yi ba. Wani ya ce, “Ga shi nan, har ya kawo kayan sayarwa!” Taron ya juyo gaba ɗaya. Na ga duwatsu a hannun mutanen da na sani tun ina yarinya. Wani ya fizge baron, ƙofar ta faɗi da ƙara. Na yi ihu ina cewa ni ce, ni na rubuta, ba wanda ya ji. Kawu bai gudu ba, bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya yana kallon firam ɗin Sista da ya shige ciki, daidai yadda ya ce zai shige. Dutse na farko ya same shi a kafaɗa, na biyu a goshi.

A lokacin aka fito da Sista za a sa ta a mota, kanta a naɗe da ɗankwalin da ya jiƙe da jini. Ta ɗaga hannu, da muryar nan da take tsawata wa masu jinya, ko da yake ta yi rauni, ta ce, “Ku ƙyale shi. Shi ya zo ya gaya mini. Ni na ƙi ji.” Sai da ta faɗa sau biyu. Hannaye suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Kwana tara ta yi a asibiti ta cika. Kawu ya kwana biyu a hannun 'yan sanda ana tambayarsa, ni ma na je na faɗi nawa, aka sallame mu. A mota muna dawowa ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, “Da ban gaya mata ba, da tana asibiti a ranar.” Na ce da bai gaya mata ba ai da ya ci amana sau biyu. Ya ce ya sani. Sanin bai rage masa komai ba, ni ma bai rage mini ba.

Da goshinsa a ɗaure ya koma kan jerin. Na goma, na sha ɗaya, har na arba'in da ɗaya, wata biyu cur yana tura baro. Matar da ta tofar da yawu ma daga baya ta aiko aka kira shi. Ƙofar Sista ya ɗauko ta daga inda ta faɗi, ya miƙe inda ta lanƙwashe, ya sake fenti, ya kafa ta a gidan da ba kowa, ya aika wa 'ya'yanta mabuɗin. Ba a sake shiga gida ko ɗaya ba. Ba a kuma kama kowa ba. Ban san wane ne ya zauna a bencinmu ya ɗaga kai ya karanta ba, wataƙila na ba shi ruwa ya sha. Takardar tana hannun wani har yau, shafi bakwai, da taswira.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Shagon yana nan, aiki yana zuwa daidai gwargwado, har an fara zama a bencin. Mutane sun yafe, wasu ma suna cewa samun irinsa sai an tona. Amma ba wanda ya sake kawo ajiyar mabuɗi, shi ma bai tambaya ba. In ka gayyace shi gidanka yanzu, zai yi sallama ya shige kai tsaye, idonsa a ƙasa, hannayensa a baya. In muna tafiya a layi tsakiyar titi yake bi. Inna ta ce ta fi son sa da tsohon halinsa, ko da ƙofa ce za ta riga ta samun gaisuwa.

Bai taɓa yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Har yanzu Manaja yake ce mini. Kwanan baya na kama hayar ɗaki kusa da inda na sami aiki, na roƙe shi ya zo ya sa albarka. Ya zo, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi addu'a. Da zai tafi na ga hannunsa ya ɗaga zai shafa ƙyauren, sai ya mayar da shi aljihu.

Na ce, “Kawu, ni ce fa. Gaya mini, ƙofar nan tana da kyau?”

Ya kalli takalminsa. Can ya ce, “Rubutawa za ki yi?”

Na ce a'a, wallahi a'a.

Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida mutanen gidan, ya tafi bai faɗa ba. Washegari na dawo daga aiki na tarar da sabuwar sakata a jingine a bakin ƙofata, an naɗe ta a tsumma.